Dajin da wuta ta ci, yaushe zai dawo?

Tambaya: Gobara ta cinye makiyayar ƙauyenmu a watan Fabrairu. Sabara da kalgo za su sake fitowa, ko sai mun dasa? Daga wani makiyayi a Katsina.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar dashe. Sabara da kalgo da geza ba kasafai wuta ke kashe su ba, sama kawai take ci. Saiwarsu na ajiye da abinci, cikin 'yan makonni za ka ga toho daga gindin kututture, tun kafin ruwan farko ya sauka. Kaɗanya da ɗorawa manya kuwa kaurin ɓawonsu ke kare su.

Matsalar tana ga lokacin. Wutar Nuwamba, da sauran ɗanyen ciyawa, lasa take yi ta wuce. Ta Fabrairu da Maris, ga bushewa ga iska, tana ƙone ƙananan itatuwa da ƙwayoyin irin da ke kwance a ƙasa. In ana maimaita ta duk shekara, dajin zai koma gajerun kututture masu rassa barkatai. Tokar ma kada ta ruɗe ka, sinadarin naitrojin mai ciyar da tsiro ya bi hayaƙi, saura kuma iska da ruwan farko su kwashe.

A hana awaki shiga har damina ta kankama, don tohon nan suke fara cinyewa. A kowane kututture a bar rassa 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi, a sare sauran, kamar yadda manoman Maraɗi ke yi. Da kaka kuma a share hanya mai faɗi kewaye da wurin don tare wuta.