Allura tana tsalle a kan faifai: rage nauyi ko ƙarawa?

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka sayo injin faifai Technics SL-1200 na hannu (tokunbo) a kasuwar Alaba ta Legas, ka ɗaura masa kan allura Audio-Technica AT-VM95E, amma allura tana tsalle kuma murya tana karcewa idan faifai ya kusa ƙarewa. Ka ce ka rage nauyin hannun da ke ɗauke da allura don kada faya-fayenka su ci, wani kuma ya ba ka shawarar ɗora kwabo a kan allurar. Shawarata, ka bar duka biyun.

Rage nauyin nan shi ne ya fi ɓata faifai. Allurar da ba ta zauna daram a cikin kwarmin faifai ba, rawa take yi tana dukan bangon kwarmin hagu da dama, musamman inda ganga ta yi ƙarfi ko mawaƙi ya ɗaga murya. Wannan dukan yana gutsure robar faifan, kuma abin da ya gutsure ba ya dawowa. Kwabo kuma yana danne 'yar robar da ke riƙe da sandar allura har ta lanƙwashe, cikin kan ya riƙa gogar faifai. Kowane kai yana da nauyin da kamfaninsa ya yanka masa. Naka giram 1.8 zuwa 2.2 ne, an fi so a tsaya a 2.0. Na kan allura Ortofon 2M Red kuwa 1.8 ne. Kada ka ari lambar wani.

Kafin komai, ɗora ma'aunin ruwa irin na magina a kan farantin da faifai ke zama, ka juya ƙafafun injin har kumfar ta tsaya a tsakiya. Kashe fanka, don iskarta kaɗai tana kaɗa hannun. Idan janareton maƙwabci yana girgiza bene, jira ya huta.

Cire wayar wuta. Mayar da maɓallin anti-sket (mai hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai) zuwa sifili, zare murfin allura (yana da nasa nauyin, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure), ka sauke sandar ɗaga hannu ƙasa. Riƙe hannun da yatsa ɗaya, ka kawo shi tsakanin mazauninsa da bakin faranti, kada allura ta taɓa komai. Yanzu juya dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun a hankali, gaba ko baya, har hannun ya tsaya yana lilo a iska shi kaɗai, bai duƙa ba bai ɗaga ba, a miƙe kamar sikelin mai awo da babu kaya. Mayar da shi mazauninsa ka kulle.

A gaban dunƙulen akwai zobe mai lambobi. Riƙe dunƙulen kada ya motsa, ka juya zoben kaɗai har sifili ya dace da layin da ke kan hannun. Zoben ba ya ƙara nauyi, alama ce kawai. Sai ka kama dunƙulen gaba ɗaya, zoben na biye da shi, ka juya ya matso wajen allura har 2 ta hau layin.

Ni dai ban yarda a tsaya a nan ba. Injin da ya sha hannu kafin ya iso Legas, zobensa kan yi sako-sako, wani ma dunƙulen ba nasa ba ne. Nemi ƙaramin sikelin allura na lantarki mai nuna giram 0.01, ka gwada shi da ɗan ƙarfen awon da ke zuwa tare da shi. Ajiye shi a kan faranti yadda bakinsa zai yi daidai da tsayin faifai, ka sauke allura a kan ɗigon tsakiya da sandar ɗagawa, sau uku. Sikelin masu gwal zai iya yi, amma yawanci ya cika tudu, kuma idan farantinsa ƙarfe ne mai kama maganaɗisu, kan zai ja shi lambar ta yi ƙarya. Da ka samu 2.0, kai anti-sket shi ma zuwa 2.

Idan karcewar ƙarshen faifai ba ta tafi ba, ƙara zuwa 2.2, kada ka wuce. Ta ci gaba? To ba nauyi ba ne. Duba zaman kan: a wannan injin, daga wuyan da ake ɗaurawa a hannu zuwa tsinin allura milimita 52 ne, kuma kan ya zauna a miƙe, kada ya karkace tsakanin sukurorinsa biyu. Duba tsinin da madubin ƙara girma; danshin Legas yana sa faifai fumfuna, ita kuma takan dunƙule a bakin allura kamar auduga. Share da ɗan buroshi mai laushi daga baya zuwa gaba kawai. Irin allurarka kamfanin ya ƙiyasta mata kusan awa 300, don haka idan ta hannu ce aka haɗo maka, sauya ta kafin ka ɗora tsofaffin faya-fayen kalangu da goge da ba za ka sake samu a kasuwa ba. In kuma akwai masu gudun 78 a cikinsu, ajiye su gefe: kwarminsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce.