Tsige shugaba: shari'a ce ko siyasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gadarif nake rubutowa. Mun yi gardama a teburin mai shayi: in shugaba ya yi laifi, me ya sa 'yan majalisa ke tsige shi, ba alƙali ba? Ai ɗan siyasa ba zai yi adalci ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gangan aka tsara haka. Alƙali yana duba ko an karya doka, ita kuwa majalisa tana duba ko mutumin ya cancanci ci gaba da riƙe amanar jama'a. Shi ya sa iyakarta ta raba shi da kujera. Ɗauri sai kotu.

Sashe na 143 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ɓoye ba: babban laifin da ake tsigewa a kansa ya haɗa da abin da majalisa ta ga babban laifi ne a nata ra'ayin. Ka tuna Balarabe Musa. Gwamnan Kaduna ne na jam'iyyar PRP, majalisar jihar kuma tana hannun jam'iyyar NPN, ko kwamishinoni ta ƙi amince masa, ta kuma tsige shi a 1981. Yawan kujeru ne ya yi aiki.

Abin da ke taka wa son rai birki shi ne sharaɗin sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun amince. A Amurka shugaba Andrew Johnson ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak a 1868, Trump ma ya sha a 2021 duk da sanatoci 57 cikin 100 sun same shi da laifi. Kotu kuwa ƙa'ida take tsarewa: Kotun Ƙolin Najeriya ta mayar da Rashidi Ladoja kujerar gwamnan Oyo a 2006 domin ba a bi tsari ba, ba don ta wanke shi ba.

A nan Sudan, tsohon kundin tsarin mulki na 2005 ya raba aikin: majalisa ta amince da kashi uku cikin huɗu, sannan Kotun Tsarin Mulki ta saurari tuhuma. A takarda kenan. A 1999 da majalisa ƙarƙashin Hassan al-Turabi ta nemi rage wa shugaba al-Bashir iko, rushe ta ya yi. Saukarsa a Afrilun 2019 kuwa sojoji ne suka yi bayan zanga-zanga, wannan juyin mulki ne, kada ku lissafa shi cikin gardamarku.