Harsashi Mara Nauyi Zai Iya Kayar da Barewa?

Tambaya: Ina zaune a jihar Virginia ta Amurka, kuma ni nake haɗa harsashina a gida, wato na zuba albarushi a kwanso na ɗora ƙwayar da ke fita idan an harba. Ɗana mai shekara 13 zai fara bina farautar barewa bana da bindiga .243 Winchester. Ina so in ɗura masa ƙwayar V-Max mai giren 58 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwaya), tunda ta fi gudu kuma ba ta dukan kafaɗa. Ya kake gani?

Amsa: Malam, Allah ya raya yaro. Bindigar dai ka dace, domin dokar Virginia ba ta yarda a harbi barewa da bindigar da faɗin ƙwayarta bai kai .23 na inci ba, ita kuwa .243 ta tsallake. Ƙwayar ce ban yarda da ita ba.

V-Max mai giren 58 an ƙera ta ne don ƙananan dabbobi irin su dila. Rigarta ta jan ƙarfe siririya ce, an yi ta don ta tarwatse da zarar ta taɓa nama. Tana fita da gudun da ya haura ƙafa 3,700 a sakan guda, kuma wannan gudun shi ne matsalar: idan ta sami allon kafaɗar barewa, sai ta fashe a nan, ta bar ƙaton rauni a waje ba tare da ta isa huhu ba. Dabbar ta shige daji, babu jinin kirki da za a bi, ta mutu a inda ba mai ganinta. Nama ya salwanta, yaro kuma ya koma gida da ɓacin rai a fitarsa ta farko.

Ƙirar ƙwaya ta fi nauyinta muhimmanci. John Nosler, wanda ya kafa kamfanin ƙera ƙwayar harsashi na Nosler, ya gane haka a 1946, lokacin da harsasansa suka kasa ratsa wata ƙatuwar dabbar dawa a Kanada, abin da ya sa ya fito da ƙwayar Partition a 1948, wadda gabanta ke buɗewa, bayanta kuma ya ci gaba da kutsawa. A .243, mai giren 95 ko 100 ta wadatar. In kuwa mara nauyi kake so, nemi ta jan ƙarfe zalla, kamar Barnes TTSX mai giren 80 ko TSX mai 85. Ba ta da dalma, ba ta zubar da nauyinta, sau da yawa ma takan fita ta ɗaya gefen. Sharaɗinta ɗaya ne: tana son gudu kafin ta buɗe, don haka kada ka rage mata ƙarfi da yawa, kuma ka tsayar wa yaron iyaka, yadi 150 ya isa.

Batun albarushi, ba zan faɗa maka awo ba, kuma kada ka karɓa daga bakin kowa. Buɗe littafin kamfanin ƙwayar ko jadawalin Hodgdon, kamfanin albarushi, ka fara daga awon farko, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Awon albarushin ƙwaya mai dalma ba ya zama na ƙwayar jan ƙarfe ko da nauyinsu ɗaya, saboda ta jan ƙarfe ta fi tsawo, tana cin wuri a cikin kwanso. Kada kuma ka sauka ƙasa da awon farko da sunan tausaya wa kafaɗa; albarushi mai jinkirin ci yana da haɗari idan ya yi kaɗan. Da ka ji sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso, tsaya nan, ka koma baya.

Ni a ganina, ƙara ce ta fi tsorata yara, ba dukan kafaɗa ba. Toshe masa kunne da kyau, ka bar shi ya yi ta gwaji da V-Max ɗin nan a kan takarda. Kafin ranar fita, ku sake saita madubin bindigar da ainihin harsashin farautar, domin ba wuri ɗaya za su sauka ba.