Amsa: bututun ɗumama ɗaki yana ƙugi, ɗakin sama ya ƙi ɗumi

Malam, sannu da sanyin Toronto. Ka ce bututun ruwan zafi da ke bin gindin bango yana ta ƙululu kamar cikin mai yunwa, ɗakin sama kuma ya ƙi ɗumi. Iska ce ta maƙale, kuma sama take taruwa, shi ya sa ƙasa lafiya lau.

Kashe tukunyar ɗumama ruwan, ka bar ta ta huce tukuna, don ruwan kan kai digiri 80. A ɗakin sama, cire murfin kwanon da ke lulluɓe da ƙarshen bututun, za ka ga ɗan mitsitsin bawul, wato ƙofar fitar da iska. Tara kofi da tsumma, ka murɗa shi kaɗan da sukudireba ko makullinsa, rabin zagaye ya isa. Za ka ji fuuu, sai tartsatsin ruwa, sannan ruwa zalla. Nan za ka rufe. Kada ka kwance shi gaba ɗaya. Na taɓa yi a hunturuna na farko, baƙin ruwa ya wanke mini kafet, uwargida ta yi kwana biyu tana mita.

Abin da mutane ke mantawa shi ne agogon matsin ruwa a jikin tukunyar. In ta huce, ya kamata ya nuna 12 zuwa 15 psi (ma'aunin matsi ke nan). In ya yi ƙasa, ko ka buɗe bawul ba abin da zai fito.

In babu bawul ɗin, ko iskar tana dawowa duk mako, ko matsin ya doshi 30, kira mai gyara, wataƙila yoyo ne ko tankin daidaita matsi ya lalace. In haya kake, fara da mai gida.