Tambaya da Amsa: Dillali ya yi wa ɗana alƙawarin dala dubu 300 a ƙwallon jami'a, in sa hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune ne a Columbus, jihar Ohio. Ɗana saura masa shekara ɗaya ya gama sakandare, yana buga ƙwallon ƙafar Amurka a layin tsaro, kuma jami'o'i uku sun nuna sha'awarsa. Wani mutum da ke zuwa kallon wasanninsu ya same ni ya ce zai samo masa dala dubu 300 a shekara, shi ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari, kuma zai ba mu wani abu a hannu tun yanzu. Ya ce mu gaggauta, wai jami'o'in sun ci bashi har wuya, nan da shekara biyu kuɗin zai ƙafe. Yaron ya fara sakaci da karatu. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Da gaske harkar za ta rushe? In sa hannu?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya raya yaro, Ya tsare shi daga rauni. Kada ka sa hannu a kan komai, kuma kada ka karɓi ko sisi daga hannun mutumin nan sai lauya ya karanta takardar tukuna.

A kan bashi, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Tun daga 1 ga Yulin 2021 da aka halatta wa 'yan wasan jami'a cin kuɗin sunansu da hotonsu, wato NIL, farashi yake ta hawa. Sai kuma a watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar House, wadda 'yan wasa suka shigar a kan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka: za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin yana ƙaruwa duk shekara. Wannan sabon nauyi ya sauka ne a kan kasafin da dama can yake tangal-tangal. Jami'ar Ohio State da ke nan garinku, wadda kaɗan ne suka kai ta samun kuɗi, sashen wasanninta ya bayyana giɓin kusan dala miliyan 38 a shekarar kuɗi ta 2024. Tennessee ta ɗora kashi 10 a kan farashin tikiti don ta biya 'yan wasa. Wasu kuma ɗalibai suke ƙara wa kuɗin makaranta, har waɗanda ba su taɓa leƙa filin ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗora wa yara laifin. Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a 2023, ta ɗauki nauyin biyansa kusan dala miliyan 77 ya je ya zauna a gida. Jami'ar LSU ta jihar Louisiana ta kori Brian Kelly a 2025 da kuɗin sallama kusan miliyan 54. Kirby Smart na Georgia yana karɓar wajen miliyan 13 a shekara. Shekara da shekaru ana zuba kuɗi a kan kociyoyi da gine-gine babu wanda ya ce harkar za ta mutu, sai da aka fara ba wa masu karya ƙashinsu a fili wani kaso. Kuma kuɗin talabijin yana nan daram: yarjejeniyar rukunin jami'o'i na Big Ten da tashoshin Fox da CBS da NBC ta haura dala biliyan 7 na shekara bakwai, tashar ESPN kuma za ta riƙa biyan kusan biliyan 1.3 duk shekara a kan wasannin fidda zakara. Manyan jami'o'i za su ci gaba da biya. Masu shan wuya su ne ƙananan makarantu da ke ƙoƙarin kamo su, da wasannin da ba sa kawo kuɗi irin su iyo da guje-guje. Saboda haka babu wata ƙofa da za ta rufe nan da shekara biyu. Gaggawar tasa ce shi kaɗai, yana so ya ɗaure yaron kafin wani ya riga shi.

Akwai kuma wata mummunar fahimta da nake cin karo da ita kullum wajen iyaye, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Mutane sun ɗauka adadin da aka faɗa da baki, ko wanda aka gani a Instagram, kuɗi ne da ya riga ya shiga aljihu, albashi tabbatacce na shekara huɗu. A kan wannan zaton na ga uba ya ci bashin mota, na ga uwa ta ajiye aikinta na dare, na ga yaro ya daina shiga aji.

Mu yi lissafi tare. Miliyan 20.5 ɗin nan iyaka ce, ba wajibi ba ne a biya ta, kuma ta dukkan wasannin jami'a ce. Galibin manyan makarantu suna ware wa ƙwallon ƙafa wajen kashi 75, wato miliyan 15 da 'yan kai, a kan 'yan wasa har 105. Ba a raba ta daidai wa daida. Mai jefa ƙwallo, wato jagoran farmakin ƙungiya, da masu tsare masa baya, da fitattun masu kai masa farmaki, su ke kwashe kaso mai tsoka, sannan a riƙe wani don sayo gogaggu daga kasuwar sauya makaranta. Sabon shiga da bai taɓa buga wasa ɗaya ba abin da ya rage yake samu, in ba yana cikin 'yan tsirarun da ƙasa duka ke rububinsu ba. Cikin jami'o'i sama da 130 da ke babban matakin ƙwallon jami'a, kusan rabi ba su da ƙarfin kai wa ko kusa da wannan iyaka. To, wace jami'a ce ta ce za ta ba ɗanka dubu 300? Wane jami'inta ne ya faɗa? A wace takarda? Na tabbata mutumin nan bai nuna maka ba.

Dubi abin da ya sami Jaden Rashada. Yana sakandare aka yi masa alƙawarin dala miliyan 13.85 daga asusun magoya bayan jami'ar Florida, ya fasa zuwa jami'ar Miami saboda haka. Kuɗin bai zo ba, ya bar Florida bai buga mata wasa ba, a 2024 ya kai ƙarar kocin da wasu mutane kotu. Shi fa har da takarda. Matthew Sluka na jami'ar UNLV da ke Las Vegas kuwa ya ce da baki wani mataimakin koci ya yi masa alƙawarin dubu 100. A watan Satumban 2024, bayan sun ci wasa uku a jere, ya tattara kayansa ya bar ƙungiyar, yana cewa ba a cika masa alƙawarin ba. Waɗannan an ji labarinsu ne domin masu jefa ƙwallo ne. Yaran layin tsaro da aka yi wa irin haka, ba mai buga labarinsu.

Ko da takardar ta gaskiya ce, sai an karanta ƙananan rubutun. Da yawa na shekara ɗaya ne, ana biya wata-wata. Wasu suna ba jami'a damar ragewa ko tsayar da biya, wasu suna cewa idan yaro ya sauya makaranta sai ya mayar da kuɗi. Idan aka kori kocin da ya kawo shi, sabon na iya zuwa da yaransa. Duk wata yarjejeniyar da yaro ya ƙulla da wani wanda ba jami'ar ba, in ta kai dala 600, sai an kai ta gaban masu tantance irin waɗannan yarjejeniyoyi, wato NIL Go, kuma suna iya cewa ba ta yi ba. Bayan haka ga haraji. Yawanci ba a cire shi tun daga tushe, kuɗin yana shigowa a dunƙule, yaro ya kashe, watan Afrilu ya zo hukumar haraji ta miƙo hannu, har da kashi 15.3 na masu aikin kansu. Na zauna da wani yaro da mahaifinsa, takardar haraji a kan tebur, makullin sabuwar mota a gefenta, babu abin biya a asusu. Uban ya yi ta juya takardar yana tambayata ko kuskure aka yi.

Shi kuma kashi 20 ɗin nan. Wakilin ɗan wasan NFL, wato gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ƙungiyar 'yan wasa ta tantance, ba ya wuce kashi 3 na albashi. A ɓangaren jami'a babu irin wannan iyaka, shi ya sa kowane mai waya da katin kasuwanci ya zama dillali, har da 'yan uwa da tsofaffin kociyoyin unguwa. Majalisar dokokin Amurka ta yi shekaru tana zaman sauraron ra'ayi ba ta fitar da doka ɗaya ta ƙasa ba, kowace jiha da tata, hukumar NCAA kuma kusan duk ƙa'idar da ta kafa sai ta ƙare a kotu. A wannan ruɗani 'yan damfara suke kiwo.

Kuɗin hannun da ya ce zai ba ku shi ne ƙugiyar. Gervon Dexter yana Florida ya karɓi dala dubu 436 da 'yan kai daga wani kamfani, a kan zai riƙa ba su kashi 15 na duk abin da ya samu a NFL har shekara 25. Da Chicago Bears ta ɗauke shi a 2023, sai ga shi a kotu yana neman a warware. Kuma tun da ɗanka yana sakandare, karɓar kuɗi daga dillali na iya taɓa cancantarsa ta buga wasa, domin dokar sakandare ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan kuma a kan bizar karatu yake zaune, ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da katin zama na dindindin, maganar ta ƙara tsauri, domin bizar F-1 ta taƙaita aikin samun kuɗi. Ba ka faɗi matsayinsa ba, don haka ka haɗa da lauyan shige da fice idan hakan ta shafe ku.

Sakacin da ya fara yi da karatu, a yau za ka tare shi, Alhaji. Idan makinsa a darussan da NCAA ta wajabta bai kai ba, babu jami'ar da za ta iya sa shi a fili, ko nawa aka yi alƙawari. Cikin 'yan ƙwallon jami'a, waɗanda ke kai wa NFL ba su cika biyu cikin ɗari ba. Gurbin karatu kyauta kuwa ya fi kuɗin hannu kariya, domin tun Agustan 2024 ƙa'idar babban mataki ta hana a janye shi saboda rauni ko don wasan yaro ya ja baya.

Ka je ka sami daraktan wasanni na makarantarsu ka faɗa masa wani ya tunkare ku. Ka kira jami'o'in uku da kanka, ka ce a haɗa ka da ofishin da ke kula da bin ƙa'idojin wasanni, kuma duk tayin da za su yi a rubuto shi da sa hannun jami'ar. Shi kuma mutumin ka ce ya ba ka takardarsa, da shaidar rajistarsa ta wakilin 'yan wasa a jihar Ohio, da lambobin iyaye biyu da ya taɓa yi wa aiki. Ka nemi lauyan da za ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu, wanda ba shi ya haɗa ku ba, ya duba abu uku: tsawon wa'adi, yadda ake fita, da ko akwai wani kaso a kan abin da yaron zai samu bayan jami'a. Idan akwai na ukun nan, a mayar masa da takardarsa.