Me Ya Sa Aka Ɗaure "+" a Jikin Mota?

Ɗana, jiya ka tambaye ni kan tsohuwar Land Rover ɗin nan da aka jawo mana daga Kawo, wai me ya sa kan batir mai alamar "+" aka ɗaure a jikin mota, ko wani ne ya yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Kuma na ji daɗi ƙwarai da ka tambaya kafin ka kai hannu.

Wuta in ta fita daga batir, dole ta samu hanyar komawa. Maimakon a ja waya bibbiyu zuwa kowace fitila, sai aka bar ƙarfen motar ya zama hanyar. Ko wane kai aka ɗaure a bodi, fitila za ta kama, kik ma zai juya yadda ya saba. Turawan Ingila sun daɗe suna ɗaure "+", irin su Austin da Morris, Land Rover kuwa har 1967. Ford ta Amurka ta daina a 1956, da ta bar batir mai bolt 6 ta koma mai 12. Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa nan Kakuri "−" ce a jiki, shi ya sa idonka bai saba ba.

Inda ɓarna take shi ne kayan zamani. Ina yaron gareji na taɓa sa wa irin wannan mota rediyo ban duba ba. Ina murɗa makulli sai ga siririn hayaƙi yana fitowa ta bayan dashbod, warin ƙonannen roba ya cika motar. Har yau in na tuna fuskar mai motar sai in ji nauyi. Altaneta, na'urar cajin batir ta motocin zamani, ma haka take ƙonewa nan take.

In mai Land Rover ɗin ya ce a juya mata wuta, wato a mayar da "−" jiki, ba juya batir kaɗai ba ne. Za ka sauya ƙananan wayoyin kwayil guda biyu, da na agogon caji. Sannan dinamo, mai cajin batir a tsofaffin motoci, nan ake yawan mantawa: cire wayoyinta, ka ɗauko waya daga "+" na batir ka ɗan taɓa bakin da aka rubuta F. Tartsatsi ƙarami ya isa. In ka tsallake wannan, regileta mai daidaita cajin na iya ƙonewa.

Gobe da safe ka ɗauko mita, ka goge kan batirin har alamar ta fito. Kada ka yarda da launin waya, hannaye da yawa sun taɓa motar nan kafin mu.