Amsar tambayar Kawu: hasken arewa, da yadda ake salla a garin da rana ke ƙin faɗuwa

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso, kuma manyan tambayoyin biyu ne: ko koren hasken nan da ake yaɗa hotonsa a waya gaskiya ne ko haɗin kwamfuta, sannan yaya Musulmi ke salla da azumi a inda aka ce rana tana wata biyu ba ta faɗi ba. Mu 'ya'yanka mazauna Tromso, can arewacin Norwe, muka haɗu muka rubuto amsa.

Hasken gaskiya ne. Sai dai hoto yana ƙara masa gishiri, ko da mai ɗaukar bai yi niyya ba. Idon ɗan Adam ba ya bambance launi sosai a cikin duhu, ita kuwa kyamara ana barin bakinta a buɗe daƙiƙa 5 zuwa 15 tana tara haske. Shi ya sa a daren da abin bai yi ƙarfi ba, mutum zai ga wani farin gajimare-gajimare a miƙe daga gabas zuwa yamma, ya ɗauka hadari ne, sai ya duba waya ya ga kore shar. Yadda ake ganewa, ana hango taurari ta cikinsa, gajimare kuwa rufe su yake yi. Amma daren da ya yi ƙarfi babu ruwan mutum da kyamara. Bakan hasken ya kan tsage, ya sauko da tsiri-tsiri kamar labulen da iska ke kaɗawa, gefensa na ƙasa ja-ja ne mai ratsin shuɗi, ya ruga daga wannan kusurwar sama zuwa waccan kafin ka juya wuya. Abin da ke sa tsikar jiki tashi shi ne shirun. Ido yana ganin sama kaf tana motsi, kunne yana jiran tsawa, tsawar ba ta zuwa. Minti goma ko ashirin sai ya dushe, wani lokacin ya dawo bayan awa guda, wani lokacin ke nan sai wani daren.

Dalilinsa daga rana yake. Tana feso wasu ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su yi kwana biyu zuwa huɗu kafin su ci tazarar kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da ita. Maganaɗisun duniya yana karkatar da su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, inda suke karo da iskar can sama. Oksijin da ke wajen kilomita 100 zuwa 150 shi ke ba da kore, wanda ya haura kilomita 200 ya ba da ja, naitirojin kuma shuɗi. Tromso tana digiri 69 da ɗoriya arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, daidai ƙarƙashin zoben da ke kewaye ƙuryar arewa inda abin ke sauka. Zariya tana digiri 11, don haka ko an hau Kufena ba za a hango shi ba.

Ka tambaya ko muna yi masa salla kamar ta husufi. A'a, ba mu san wata salla da aka shar'anta masa ba, kuma ba a kaɗa gwangwani yadda yara ke yi a gida idan rana ta kama wata. Tasbihi ake yi, wasu su karanta ayoyin ƙarshen Ali Imrana. A ganinmu wannan ya wadatar, don abu ne da ke zuwa dare da dama kowace shekara, ba alamar mutuwar wani babba ba ce.

Mai son gani sai ya zo tsakanin Satumba da ƙarshen Maris, ya fita bayan gari inda babu fitilu, daga bayan isha'i zuwa ɗaya na dare. Abin da ya fi hana gani gajimare ne, don bakin teku ba ya rabo da shi. Shi ya sa ake nausawa cikin ƙasa wajen ƙauyen Skibotn ko iyakar Finland, amma can sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Ulu ake sawa a jikin fata, wani ulun a kai, sannan rigar tare iska. Auduga ita ke cutar baƙo: ta jiƙe da gumi, ta huce a jiki. Batirin waya ma sanyi na zuƙe shi nan da nan, sai a aljihun ciki. Alwala a gida ake yin ta kafin a fita.

To, ga babbar tambayar. Duniya a karkace take da digiri 23 da kusan rabi. A Zariya wannan karkata ba ta wuce ta sa yini mafi tsawo ya ɗara mafi gajarta da awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A nan kuwa, daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa. Kewaye sama take yi, tsakar dare ta sauko ƙasa-ƙasa ta arewa, ta sake hawa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa, sai wani shuɗin haske na 'yan awoyi da tsakar rana. Mutanen gari suna bikin dawowarta ran 21 ga Janairu, lokacin da ta leƙo ta bayan duwatsu.

Madogarar malamai ita ce hadisin Dujal da ke cikin Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, Manzon Allah (SAW) ya ce a'a, a ƙaddara masa lokacinsa. Saboda haka salloli biyar suna nan a kowace awa 24. Saɓanin yana wajen abin da za a ƙaddara da shi: wasu suka ce lokacin Makka, wasu suka ce na gari mafi kusa da ake bambance dare da rana. Masallacin Alnor na nan Tromso lokacin Makka yake bi a waɗannan watanni, mu ma jam'i muke bi. A azumin 2015, da ya faɗo Yuni da Yuli, an riƙa kai wajen awa 15, a sha ruwa rana tana haska faranti. Zuciyar wanda ya saba da jiran kiran magariba ba ta amincewa da wuri, don haka yawancin gidaje sukan ja labule mai kauri kafin a ɗauki dabino.

Inda gizo ke saƙa ba ma watanni biyun nan da rana ba ta faɗuwa ba ne. Makonnin da ke gabansu da bayansu sun fi rikitarwa. Rana tana faɗuwa, amma ta awa ɗaya ko biyu, shafaƙi bai gushe ba alfijir ya keto. Hasali ma daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Satumba rana ba ta nutsewa digiri 18 ɗin da manhajojin waya ke lissafin asuba da shi. Sai manhaja ta bar gurbin babu komai, ko ta ba mutum isha'i da asuba a minti ɗaya. Sabon zuwa da ya dogara da waya shi ke ruɗewa. Takardar jadawalin masallaci ake mannawa a jikin firji, ita ake bi. Masu aikin safe wasunsu suna ɗaukar fatawar haɗa magariba da isha'i, wasu ba su yarda ba, kuma ba a mayar da abin rigima.

Alƙibla ma sai an kula. A gida gabas ake fuskanta da ɗan karkata arewa, nan kuwa kudu ce da ɗan karkata gabas. Ganin wata kuma ba ya yiwuwa a sama mai haske, sanarwar masallaci ake jira, shi ya sa wata shekarar Sallarmu kan saɓa da ta Zazzau da kwana guda.

Lokacin duhu jiki ya fi shan wuya. Fatarmu tana buƙatar rana mai yawa kafin ta samar da bitamin D, don haka manya da yara kowa na shan ƙwayarsa ko man hantar kifi, likita ke faɗin adadi bayan gwajin jini. Wanda ya yi sakaci sai kasala da ciwon gaɓoɓi, ya yi ta zargin sanyi. Da yake azumi yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, a 2030 zai zo sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, duka biyun za su fara ne a cikin duhun. A lokacin za a ɗauki azumi babu fitowar rana, a sha ruwa babu faɗuwarta, wajen awa 12 bisa jadawalin Makka.